Dinarin Kaisar Tibariyas: Sura da Rubutu

A Markus 12:13-17, da aka tambayi Yesu game da biyan haraji ga Kaisar, sai ya ce a kawo masa dinari. Mai wa'azi da bai san abin da ke jikin wannan kuɗi ba zai ɗauka zancen haraji ne kawai.

Dinari tsabar azurfa ce ta Romawa, nauyinta kusan giram 4. Bisa ga Matiyu 20:2, shi ne ladan ma'aikaci na yini guda. Masu tara tsoffin kuɗi suna gane shi ta abu uku: surar sarki, rubutun da ya kewaye ta, da hoton da ke baya.

Tibariyas ya yi mulki daga shekara ta 14 zuwa ta 37 bayan haihuwar Almasihu. An buga dinarinsa a Lugdunum, wato Lyon ta ƙasar Faransa a yau. A gaba akwai kansa da rawanin ganye, da rubutun Latin a taƙaice: TI CAESAR DIVI AVG F AVGVSTVS. Ma'anarsa ita ce Tibariyas Kaisar, ɗan Augustas wanda aka allahntar. A baya akwai mace a zaune, wadda masana da yawa suke ɗauka mahaifiyarsa Libiya ce, da rubutu PONTIF MAXIM, wato babban firist.

Ashe kuɗin da ke tafin hannun masu tambayar yana kiran mutum ɗan allah, kuma babban firist. Ga Bayahude mai kiyaye doka ta biyu, wannan sabo ne. Shi ya sa Yesu ya tambaya a kan sura da rubutu duka. Tertuliyan na Kartaj ya haɗa wannan da Farawa 1:27: kuɗi yana ɗauke da surar Kaisar, mutum kuwa yana ɗauke da surar Allah.

Sai dai a yi hattara. Bishara ba ta faɗi sunan Kaisar da ke kan kuɗin ba. Dinarin Augustas ma yana yawo a lokacin, kuma masu tonon tarihi ba su sami dinarin Tibariyas da yawa a Yahudiya ba. Kada mu tsaya a kan bagade mu ce lalle wannan ne. Abin da ya tabbata shi ne, dinarin Augustas ma ya kira shi ɗan wanda aka allahntar. Ko wanne aka miƙa wa Yesu, tambayar tana nan: wa ya cancanci haraji, wa ya cancanci sujada?