Keke Mai Batiri: Yadda Ake Gano Abin da Ke Riƙe Shi

Keke mai batiri keke ne da aka sa wa ƙaramin inji don ya taimaki ƙafafunka. Wata rana sai ka ji ya yi nauyi, kamar wani ya riƙe shi ta baya. Batirin kuma ba ya kai ka inda ya saba kai ka. Mutane da yawa sukan yi gaggawar sayen sabon batiri, alhali shi ne mafi tsada cikin kayan keken, kuma sau da yawa ba shi da laifi. Saboda haka, ka fara bincike daga abu mai araha, sannan ka je ga mai tsada.

Tambayar farko

Nauyin tafiya iri 2 ne. Ko dai wani abu yana hana ƙafar keken juyawa, ko kuma injin ya rage taimako. Ga yadda za ka bambanta su: kashe wutar, ka ɗaga ƙafar gaba, ka juya ta da hannu. Ka yi haka ga ta baya. Ƙafa mai lafiya takan yi ta juyawa shiru, ta tsaya a hankali. Idan ta tsaya nan take, to, akwai abin da ke riƙe ta.

Nauyin da ba cuta ba ne

Keke mai batiri yakan kai kilo 20 zuwa 30, ya fi keke na yau da kullum nauyi sosai. Kekunan da aka ƙera bisa dokar Turai kuwa, injinsu yakan daina taimako idan gudu ya kai kilomita 25 a awa. Nan ba abin da ya lalace. Haka nan babban injin da ke tsakiyar ƙafa, wanda ba shi da giya a ciki, yana da maganaɗisu da ke ɗan jan ƙafar ko da an kashe wuta. Halinsa ke nan.

Wurare 4 da za ka fara dubawa

1. Taya. Iska kaɗan ita ce kan gaba wajen kawo nauyi. Ƙaya takan huda taya, iska ta riƙa fita sannu-sannu. Adadin iskar da ya dace yana rubuce a gefen tayar.

2. Birki. Juya ƙafar, ka saurara. Idan ka ji gogayya sau ɗaya a kowane zagaye, faifan birki ko ƙarfen ƙafar ya lanƙwashe. Idan gogayyar ba ta yankewa, birkin ne bai saki ba. Irin wannan birki yakan yi zafi bayan tafiya, kada ka taɓa shi da yatsa.

3. Boris, wato ƴan ƙwallayen ƙarfe da ke cikin cibiyar ƙafa. Kama tayar, ka girgiza ta dama da hagu. Idan tana rawa, ko tana ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, boris ɗin ya cinye ko rairayi ya shiga ciki.

4. Sarƙa. Ƙurar hunturu idan ta haɗu da mai, sai ta zama kamar laka mai cin ƙarfe. Goge sarƙar da tsumma, ka ɗiga mai kaɗan, ka share ragowar. Kada mai ya taɓa birki.

Idan laifin na wuta ne

Wayoyi 3 masu kauri ne ke kai wuta daga akwatin sarrafa wuta zuwa inji. Idan 2 daga cikinsu suka goge suka haɗu, ko akwatin ya ƙone, injin da kansa yakan zama birki. Sai ƙafar ta yi tauri, tana juyawa da fizga. Idan injin mai giya ne, an fi jin wannan tauri sa'ad da aka tura keken baya.

Ga gwajin: cire batiri tukuna, sannan ka zare mahaɗin wayar inji, ka sake juya ƙafar. Idan ta saki, laifin yana wajen akwatin. Idan har yanzu tana da tauri, laifin yana cikin injin ko wayarsa. Ka duba wurin da waya ta fito daga cibiyar ƙafa, domin nan ta fi jin ciwo idan keke ya faɗi. Wannan gyara na gwani ne. Kada ka ci gaba da hawa, don kada ɓarnar ta ƙaru.

Idan kuwa ƙafafun duka suna juyawa lafiya, amma keken ba ya da ƙarfi wajen hawa tudu, yanzu ne za ka sa a auna batiri da abin cajinsa. Kada ka taɓa buɗe batiri da kanka, yana iya kama wuta.

Abin riƙewa

Iska, birki, boris, sarƙa, wayoyi, sannan batiri. Ka rubuta abin da ka gani a kowane mataki, ka kai wa mai gyara. Wanda ya san inda ciwo yake, ba a sayar masa da maganin da bai buƙata.