Shaidar Direba a Ƙasar Haɗeja: Daga Baka Zuwa Takarda

Tun kafin zuwan mota, tambayar da ke gaban mai dukiya a ƙasar Haɗeja ita ce wa zai danƙa wa kayansa. A zamanin fatauci, madugu da mai masauki su ne ke tsaya wa mutum. Bayan da layin dogo ya ratsa Malam Madori ya isa Nguru a 1930, sannu a hankali manyan motoci suka karɓe dakon gyaɗa da fatu da kifin fadama daga hannun jakuna da raƙuma. Amma hanyar tantance mutum ba ta sake ba. Yaro yakan fara da zama karen mota, ya yi shekaru a ƙarƙashin direba. Ranar da za a ba shi mota, maigidansa ne zai shaide shi, 'yan kamasho su gaskata.

Kafuwar ƙungiyar direbobi ta ƙasa a 1978, da Hukumar Kiyaye Haɗurra a 1988, ta ƙara wa takarda ƙarfi. A Amurka kuwa, kamfanoni ne ke tara tarihin aikin direba su sayar wa masu ɗaukar ma'aikata, amma wata doka ta 1970 ta ba shi ikon ganin rahoton da ƙalubalantar kuskure.

Wannan shi ne abin lura gare ku, ɗalibai da ma'aikata. Mai shaidar baka ana iya tararsa a tasha a warware magana. Kuskuren da ya shiga fayil kuwa, muddin ba a ba direba damar kare kansa ba, yana iya raba magidanci da abincinsa.