Zeus, Sarkin da Ya Gaji Tsoron Ubansa

A addinin Girkawan dā, Zeus ne babban abin bauta, mai tsawa da walƙiya, mazauninsa bisa dutsen Olimpus. To, yaya aka yi ya samu sarautar?

Tatsuniyarsu ta ce ubansa Kronos ya ji wai ɗansa ne zai tuɓe shi, sai ya dinga haɗiye ƴaƴansa da an haife su. Uwar, Reya, ta ɓoye autan cikin wani kogo a tsibirin Kirit, ta naɗe dutse da zane ta miƙa wa mijin. Da Zeus ya girma, shekara 10 ya yi yana yaƙi kafin ya kifar da tsohon.

Amma kun ga, tsoron nan bai bar gidan ba. Da aka ce masa matarsa Metis za ta haifi ɗan da zai ƙwace mulki, shi ma haɗiye ta ya yi.

Masu sassaƙa kam ba su nuna mana wannan ba. Wajen shekara ta 435 kafin haihuwar Annabi Isa, Fidiyas ya ƙera gunkinsa a Olimpiya da zinariya da hauren giwa, tsawonsa kusan mita 12, zaune daram bisa karaga, gunkiyar Nasara a tafin hannunsa.