Manyan Jarumai Mata na Fim ɗin Hausa da Hukuncin Shagon Haya a Bauchi

Gardamar wace ce ta fi a cikin jaruman fim mata ta girmi yawancin masu yin ta a yau. A Bauchi an yi ta a bakin shagunan kaset na Wunti da Babbar Kasuwa tun ƙarshen shekarun 1990, an yi ta a gidajen biki da ɗakunan kwanan ɗalibai, kuma har yanzu ba ta lafa ba. Ma'aunin ne ya sauya. Matasan da suka shigo harkar bayan mutuwar kaset da faifai, masu tura fim a waya da masu shirya gajerun bidiyo, idan aka tambaye su sai su jero Rahama Sadau, Hadiza Gabon, Nafisa Abdullahi, Fati Washa, wani ya ƙara da Maryam Booth, hujjarsu kuwa yawan mabiya a Instagram da yawan kallo a YouTube. Dukkansu jarumai ne na gaske, babu mai ƙwace musu matsayinsu. Sai dai lissafin da ya fara daga wajen 2009 ya yar da kusan shekara ashirin na tarihin sana'ar, kuma waɗanda suka yi cinikin kaset a wancan zamani suna da dalilin jin zafin haka.

Bauchi ba ta taɓa zama cibiyar shirya fim kamar Kano ko Kaduna ko Jos ba. Kasuwa ce, babba kuwa. A zamanin kaset kaya na zuwa daga Ƙofar Wambai da Bata a Kano ta hanyar Ningi, wasu kuma daga Jos, daga nan su bazu zuwa Dass da Alkaleri da Darazo da ƙauyukan da ke tsakani. Duk da haka jihar na da abin tinƙaho tun kafin zuwan bidiyo: fim ɗin Shaihu Umar da Adamu Halilu ya ba da umarni a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa aka ɗauko shi, kuma abin da ya fi tsaya wa mai kallo a zuciya a cikinsa shi ne uwar da ta ratsa sahara tana neman ɗanta.

Bayan Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, matan farko da suka riƙe finafinan bidiyo daga ƙungiyoyin wasan kwaikwayo suka fito, wasu kuma daga wasannin talabijin. Hindatu Bashir, Halima Adamu Yahaya, Hajara Usman da Hauwa Ali Dodo suna cikin waɗanda suka share fagen a lokacin da fitowar mace a fim ke iya jawo mata fushin dangi, kuɗin da ake biya kuma bai taka kara ya karya ba. Wanda bai san waɗannan sunaye ba bai kamata ya buɗe baki a wannan gardama ba.

Inda ake tantance tauraruwa a wancan zamani shi ne shagon haya. Ɗan ƙaramin shago ne, kantoci cike da kaset a cikin kwalayensu, fosta a jikin ƙofa da bango, talabijin a sama tana nuna tallar finafinan da ke tafe, sai littafin da mai shago ke rubuta sunan wanda ya ɗauka da ranar da zai dawo da shi. Manyan masu hayar matan aure ne, kuma akasarinsu ba sa zuwa da kansu. Yaro ake aikowa da kuɗi a dunƙule a hannu, saƙon da ke bakinsa kuwa sau da yawa ba ya ɗauke da sunan fim, sunan jaruma ne: wai a ba da sabon na Fati Mohammed, in babu a ba da na Abida Muhammad, in shi ma an ɗauka a ba da duk wanda Biba, wato Hauwa Ali Dodo, ke ciki. Kaset guda zai kwana a gida ɗaya, uwargida da amarya da maƙwabta su taru a kansa, washegari ya wuce wani gidan. Mai shago ba ya buƙatar kowa ya gaya masa wace ce ke tashe. Yana ganin wanda ba ya kwana a kanta, wanda ake riƙe wa mutane tun kafin a dawo da shi, wanda zarensa ya gaji har hoto ya fara rawa saboda yawan juyawa, dole a sayo wani kwafin. Da wannan sani yake zuwa wurin dila ya ce a ƙara masa kaza, dila ya kai maganar Kano, ɗan kasuwa kuma ya gaya wa furodusa cewa in yana son a sayi fim ɗinsa to fuskar wance ta hau kwali. Ta haka ra'ayin matan da ke cikin gidajen unguwannin Jahun da Nasarawa da Yelwa na Bauchi ke isa lokeshin.

Wannan hukunci yana da nauyin da ƙidayar mabiya ba ta da shi. Kuɗi ake cirewa daga na cefane ko na adashe, kuma duk fim sai an sake biya. Jarumar da ta gundiri mata a finafinai biyu ko uku a jere, mai shago ne farkon wanda zai sani, domin kwalinta zai fara tara ƙura. Tsarin yana da nasa aibin: da zarar fuska ta karɓu sai a yi ta cusa ta a finafinai barkatai har a gaji da ita, wata kuma a sa hotonta babba a fosta alhali fitowa biyu kawai ta yi. Masu haya ba sa yafe irin wannan yaudara, kuma mai shago ne ke shan faɗan.

A wannan ma'auni babu wadda ta kai Fati Mohammed. Sangaya, na kamfanin Sarauniya, wanda Aminu Muhammad Sabo ya ba da umarni a 1999, shi ya sauya fasalin kasuwar baki ɗaya, kuma Zubainar da ta fito a cikinsa tare da Ali Nuhu ta zama sunan da har yau ake kiranta da shi. Ba ta da hayaniya a gaban kyamara. Sanyin murya da kunya da kallon ƙasa su ne jarinta, kuma su ne suka dace da abin da masu kallo ke so su gani a jikin yarinyar da aka zalunta. A bayanta akwai Abida Muhammad, Maijidda Abdulƙadir, Balaraba Muhammad, sai Wasila Isma'il wadda fim ɗin Wasila na 2000 ya ɗaga ta lokaci guda.

A nan akwai wani haƙƙi da ake dannewa. Kafin fim ya fito kaset ɗin waƙoƙinsa ke fara zagaya gari, a motocin haya da shagunan ɗinki da wuraren masu shayi, kuma sau da yawa waƙar ce ke sayar da fim ɗin. Muryar da ake ji tana fita daga bakin jaruma ta Rabi Mustapha ce, ko Zuwaira Isma'il, ko Fati Nijar, ko Maryam A. Baba, ko Maryam Fantimoti. Jarumai da dama rabin farin jininsu na waɗannan mata ne, waɗanda hotonsu bai hau kwali ba. Duk lissafin manyan matan fim da bai ware musu gurbi ba ya tauye gaskiya.

Wata shaidar hukuncin jama'a ita ce laƙabi. Rukayya Dawayya, Sadiya Gyale, Rashida Mai Sa'a, daga baya Aisha Tsamiya: kowace fim ne ya raɗa mata suna. Babu kamfanin da ke iya tilasta wannan, masu kallo ne ke maƙala shi idan fitowar ta shiga ransu. Mujallar Tauraruwa da ta fara a 1998 da mujallar Fim da Ibrahim Sheme ya kafa a 1999 suka ƙarfafa al'adar, domin a shafukansu ne gardamar bakin shago ta koma rubuce.

Farin jini daban, iya wasa daban, kuma tsofaffin 'yan harka sun fi riƙe na biyun. Yawancin finafinan wancan lokaci ba su da cikakken rubutun zance. Darakta zai tara 'yan wasa ya ce ga abin da ya faru, ga inda ake so maganar ta tsaya, sauran kuma ya rage nasu. Jarumar da ba ta da Hausa a baki, ba ta san habaici da gugar zana da karin magana ba, nan take asirinta ke tonuwa. A wannan fage Hauwa Ali Dodo ta yi zarra. Biba, kishiyar da ta fito a Ki Yarda Da Ni, fim ɗin da aka ɗauko daga littafin Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, ita ta ba ta laƙabin Biba Problem, kuma ta nuna cewa mace na iya riƙe fim ba tare da ita ce abar tausayi ba. Mata na tsine wa halin Biba, suna kuma aiko yaro a kawo musu wani fim ɗinta. Saratu Gidado, Daso, wadda ta fara da Linzami Da Wuta a 2000, ta ɗauki wannan layi na muguwar uwar miji da masifaffiyar kishiya ta riƙe shi sama da shekara ashirin, har rasuwarta a Afrilun 2024. Hauwa Maina ta bi wata hanyar: kwarjini da natsuwa, irin wadda ake ba sarauta a fim kowa ya yarda, kamar yadda ta fito a matsayin Sarauniya Amina ta Zazzau. Ta rasu a Kano a watan Mayun 2018. Amina Garba, wato Mama Dumba, da Zainab Booth da Hajara Usman su ne iyayen da aka gina ɗaruruwan labarai a kansu, amma da wuya a ji sunansu idan ana lissafin taurari, saboda kawai ba su ne ke rawa da waƙa ba.

Rasuwar Hauwa Ali Dodo a hatsarin mota a hanyar Jos ranar 1 ga Janairun 2010 ta tuna wa kowa da ta Balaraba Muhammad a 2003, wadda ita ma hatsarin mota ne ya yi ajalinta a lokacin bikin aurenta. Duk wanda ke da shago a waɗannan ranaku ya ga yadda aka koma neman tsofaffin finafinansu. Yankewar sana'a irin wannan ta kai mu ga babbar matsalar kwatanta zamani da zamani. Jarumin fim namiji na iya shafe shekara ashirin da biyar yana fitowa, kamar yadda Ali Nuhu ya yi. Mace kuwa, a bisa al'adar masana'antar, aure na dakatar da fitowarta, kuma da yawa daga taurarin farkon shekarun 2000 sun bar fage suna tsakiyar tashe, Fati Mohammed na cikinsu. Auna wadda ta yi 'yan shekaru da wadda ta yi goma sha biyar ta hanyar ƙirga finafinai rashin adalci ne.

Rikicin 2007, lokacin da aka dakatar da ɗaukar fim a Kano na wasu watanni kuma Hukumar Tace Finafinai ta tsananta dokoki, ya tura aiki da yawa zuwa Kaduna da Jos, ya kuma raba tarihin gida biyu. Bayansa ne sabon zubi ya taso, a zamanin faifan sidi da ingantattun kyamarori da rubutun fim. Hadiza Gabon, haifaffiyar Libreville, ta shigo da Artabu a 2009. Nafisa Abdullahi daga Jos ta fito da Sai Wata Rana a 2010. Rahama Sadau daga Kaduna ta biyo a 2013 da Gani Ga Wane. A wannan zubi jihar Bauchi ta samu nata: Jamila Nagudu, 'yar Magama Gumau a ƙaramar hukumar Toro, wadda ke iya fitowa 'yar ƙauye yau, gobe matar attajiri, jibi 'yar barkwanci, kuma ta daɗe a fage fiye da yawancin sa'o'inta, sai Fati Washa, wadda ta karɓi matsayin Sumayya a shirin Labarina bayan Nafisa ta bar shi, aikin da ba ƙaramar jaruma ke yarda ta ɗauka ba.

Abin da wannan zubi ya cim ma ba a raina shi. Rahama Sadau, bayan korar da ƙungiyar MOPPAN ta yi mata a 2016 kan bidiyon waƙa, ta buɗe wa kanta ƙofar finafinan kudu, kuma mutanen Bauchi sun ga aikinta a gida lokacin da aka ɗauki fim ɗin Up North na 2018 a jihar. Maryam Booth ta ci kyautar AMAA a 2020 da The Milkmaid. Wasu sun zama furodusoshi masu zuba kuɗinsu, abin da ƙalilan ne daga magabatansu suka samu dama. Da Arewa24 ta fara a 2014, sannan finafinai masu dogon zango suka mamaye YouTube, sai ya zama jaruma na iya shiga gidajen Yamai da Kumasi da Jidda a dare guda.

Amma inda babu ƙasa nan ake gardamar kokawa. Matashin da ya ce ba a taɓa yin kamar wance ba, akasari bai taɓa kallon Ki Yarda Da Ni daga farko zuwa ƙarshe ba, kuma ba laifinsa ba ne kacokan. Masu satar fasaha sun karya dillalai, masu tura fim a waya da finafinan Indiya da aka fassara suka ƙarasa shagunan haya, kaset ɗin da suka rage kuwa zafi da ƙura da damina sun cinye da yawa. Abin da ke yawo a intanet na wancan zamani guntaye ne masu dishi-dishi, yawanci waƙoƙi, ba wuraren da ake ganin ainihin wasa ba. Don haka ake tuna taurarin dā da rawa kawai, a manta da bakinsu.

Idan aka raba gardamar yadda ta kamata, hukuncin ba shi da wuya. A farin jini a wurin masu biyan kuɗinsu su kalla, Fati Mohammed ce a gaba. A fita da sunan fim ɗin Hausa zuwa waje, Rahama Sadau ce. A daɗewa da riƙe matsayi, Daso da Hajara Usman da Jamila Nagudu ne. A tsantsar iya wasa kuwa, wato a tsaya gaban kyamara babu takarda a hannu a gina mutum sukutum da harshe da ido, Hauwa Ali Dodo ce ta ɗaya, Hauwa Maina na biye da ita. Masu sauran tsofaffin kaset da fosta da mujallu a ɗakunan ajiya a Bauchi, musamman tsofaffin masu shagon haya da iyalansu, ya kamata su fito da su a mayar da su kan kwamfuta tun kafin su gama lalacewa, sassan koyar da Hausa da aikin jarida na manyan makarantun jihar kuma su karɓi aikin adana su.