Wanka da Ruwa Kaɗan: Abin da Sansanin Soja, Jirgin Ruwa da Sararin Samaniya Suka Koya Mana

Idan ka taɓa kwana a sansanin masu yi wa ƙasa hidima, ko ka yi zango a daji inda ruwan da ke hannunka bai wuce jarka ɗaya ba, to ka san lissafin da mutum ke yi da asuba: a sha, a dafa, ko a yi wanka? Wannan lissafin ya daɗe yana damun rundunonin soja da matuƙa jiragen ruwa, kuma waɗanda suka yi kuskurensa sun biya da rayuka.

A 1812 Napoleon ya shiga Rasha da runduna ta dubban ɗaruruwan sojoji, kuma kaɗan ne daga cikinsu suka koma gida. An fi ba da labarin sanyi da yunwa, amma akwai abokin gaba na uku da ke cikin rigunansu. Sojojin suna yin makonni ba su tuɓe kaya ba, suna kwana a cunkushe don su ji ɗumi. A 2001 masu aikin gini a birnin Vilnius na ƙasar Lituwaniya suka ci karo da wani katafaren kabari na waɗannan sojoji. Da masu bincike ƙarƙashin Didier Raoult suka duba, sai suka samu ragowar ƙwarƙwata, kuma a cikin haƙoran wasu gawarwakin suka gano alamun ƙwayoyin cutar taifus da na zazzaɓin rami. Ka lura, taifus daban take da taifod da ka saba ji a asibiti. Ita taifod ta gurɓataccen ruwa da abinci ake kamuwa da ita, taifus kuwa ƙwarƙwata ce ke yaɗa ta.

A zamanin Napoleon babu wanda ya san haka. An yi kusan shekara ɗari kafin Charles Nicolle, shugaban Cibiyar Pasteur da ke Tunis, ya warware zancen a 1909. Ya lura cewa masu taifus suna harbar mutanen gida da ma'aikatan da ke karɓar kayansu da masu wanki, amma da zarar an yi musu wanka an sauya musu tufafin asibiti, sai yaɗuwar ta tsaya. Ashe abin da ke ɗauke da cutar yana cikin kayan da aka tuɓe. Wannan aiki ne ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1928.

Ga yadda abin yake faruwa. Ƙwarƙwatar jiki a tufafi take zama, tana zuba ƙwai a layin ɗinki, ta riƙa fitowa tana shan jini. Kashinta ne ke ɗauke da ƙwayar cutar, kuma idan mutum ya sosa wurin cizon, da hannunsa yake tura ta cikin fata. Ke nan wanda ya yi wanka tas ya mayar da rigarsa ta sati uku bai tsira ba.

Likitocin Yaƙin Duniya na Ɗaya sun yi aiki da wannan sani. Lokacin da taifus ta ɓarke a Sabiya a 1915, tawagar likitocin Birtaniya ta yi amfani da abin da aka riƙa kira gangar Sabiya: ganga ce aka huda gindinta aka ɗora a kan tukunyar ruwa mai tafasa, tururi ya ratsa tufafin ya kashe ƙwarƙwata da ƙwanta. A Faransa da Beljiyam kuma, akan janye sojoji daga ramuka a kai su wanka a manyan tankunan kamfanonin giya, a ba su kayan ciki wankakku.

To shi wankan, ta yaya aka rage ruwansa? Tun wajen 1872 wani likitan gidan yari a birnin Rouen na Faransa, François Merry Delabost, ya kafa shawar da mutane da dama za su yi wanka a lokaci ɗaya, domin cika baho ga kowane fursuna yana cin ruwa da itace da lokaci. Daga baya barikokin soja suka ɗauka. A jiragen ruwan yaƙi kuma, inda sai an tace ruwan gishiri kafin a samu na amfani, aka saba da wani tsari mai sauƙi: ka jiƙa jiki na ɗan daƙiƙu, ka rufe famfo, ka goga sabulu, ka buɗe ka ɗauraye. Lita 11 ko makamancin haka na iya isa. Kwatanta da shawar gida a Amurka, inda dokar 1992 ta ƙayyade kan shawa a kan kusan lita 9.5 a minti. Wankan minti takwas ya cinye lita 76 ke nan.

Wataƙila kana murmushi, don wannan dabara ta sojan ruwa ita ce wankan bokiti da moɗa da ka taso da shi. Haka ne. Asirin duka ɗaya ne: kada ruwa ya zuba lokacin da kake cuɗa jiki.

Inda aka fi matsuwa shi ne sararin samaniya. A tashar Skylab ta Amurka, wadda 'yan sama jannati suka zauna a 1973 da 1974, an yi wata shawa mai naɗewa da ke amfani da ruwan da bai kai lita 3 cikakke ba. Da yake ruwa ba ya gangarowa a can, sai an bi ɗigo-ɗigo da na'urar zuƙa, har wanka ɗaya yakan ci fiye da awa biyu. Shi ya sa a Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa babu shawa sam. Jiƙaƙƙen tawul ake amfani da shi, da man wanke kai wanda ba ya buƙatar ɗauraya, kuma mutane suna yin wata shida a haka.

Wannan tarihi yana shiga cikin tsarin sansanonin 'yan gudun hijira na yau, har da na arewa maso gabashin Najeriya. Ƙa'idojin Sphere da ƙungiyoyin agaji ke bi sun sa aƙalla lita 15 ga mutum ɗaya a rana don sha da girki da tsafta, da sabulun wanka giram 250 a wata. Inda aka gaza cika wannan, wanka da wanki ne mutane ke fara sadaukarwa, kuma ta nan ƙazuwa da gudawa ke shigowa.

Don haka ranar da ka tsinci kanka a tanti da ruwan buta biyu, fara da hannu, musamman bayan bayan gida da kafin cin abinci, don nan ne hanyar gudawa. Sai fuska, hammata, matsematsi da tsakanin yatsun ƙafa, da ɗan tsumma da sabulu kaɗan, tunda yawan kumfa yawan ruwan ɗauraya ne. Ka ware kayan kwana daban, ka sauya na ciki, ka shanya sauran a rana. In kana kusa da rafi, ɗebi ruwan ka yi nisan kamar mita 60 kafin ka sa sabulu, saboda masu sha daga ƙasa.