Ranar da kwamfuta ta ce Ɗ ba harafi ba ne

Bara, lokacin rajistar ƴan makaranta, na zauna ina shigar da sunayen ɗalibaina a wani shafin intanet. Da na rubuta Ɗanladi, sai shafin ya ƙi karɓa, wai a sa haruffa kawai. Na cire ƙugiyar, nan take ya wuce. Abin ya tsaya mini a rai, har na bi diddiginsa.

Ashe kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. A 1963 aka fito da tsarin ASCII a Amurka, mai gurbi 128, kowace alama da lambarta. A ita ce 65, Z kuma 90. Ƙananan baƙaƙe ma sai a 1967 aka ƙara su, daga 97 zuwa 122. Saboda haka idan mai rubuta manhaja yana son ya tantance ko alama harafi ce, sai ya duba ko lambarta ta faɗa cikin waɗannan iyakoki biyu. Turancin Ingilishi wannan ya ishe shi. Faransanci kansa sai da ya jira wasu tsare-tsare irin su Latin-1 na 1987 kafin é da ç su zauna daram.

Mu kuwa Unicode ne ya buɗe mana ƙofa a farkon shekarun 1990: ƙ ta samu lamba 409, ƴ 436, ɓ 595, ɗ 599. Bai tsaya nan ba, ya rubuta wa kowace alama jinsinta, harafi ce ko lamba ko alamar rubutu. Yau idan ka tambayi harshen Python da umarnin isalpha, zai amsa maka cewa ƙ harafi ce. Wani abin dariya, ƴ tamu ta Nijar tana cin wannan jarrabawa, amma 'y ta maƙwabtanmu na Najeriya tana faɗuwa, don waƙafin saman nan ba harafi ba ne a wurin na'ura.

Ke nan wanda ya gina shafin can awon 1967 ya kwafo, ba gazawar kwamfuta ba ce. Abin da ke damuna shi ne yaran da ke ganin muna cire ƙugiya don mu wuce, sai su ɗauka ado ce. Jiya wata ɗaliba ta rubuta mini "baki sun zo", alhali baƙi take nufi. Na mayar mata da takardar ta gyara.