Daga Duwala Zuwa Garwa: Yadda Tafiyar Watanni Ta Koma Sa'a Ɗaya Da Rabi

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Amma ga Hausawan Duwala na dā, ƙafar nan ba ta kai su gida sai bayan shekaru. Fatake ne suka fara gangarowa daga Arewa ta Adamawa, suna sayen hauren giwa, goro da roba. A zamanin Jamusawa suka kai bakin teku. Tafiyar ta ƙasa ce, da 'yan alaro, takan ci watanni, ga daji, ga koguna, ga zazzaɓi.

A shekarar 1914 Jamusawa suka ƙwace filayen mutanen Duwala da ke bakin kogin Wuri, suka keɓe musu wani wuri a bayan gari, wanda shi ne New Bell. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya ƙi yarda, aka rataye shi ran 8 ga Agusta na wannan shekara. A zamanin Faransawa unguwar ta zama mazaunin baƙi, Hausawa kuwa suka kafa masallatai da kasuwancinsu a ciki. A lokacin nan, mutum yakan ji rasuwar mahaifiyarsa bayan an daɗe da yin sadakar arba'in.

Tsakanin Duwala da Garwa, idan aka miƙe ta sama, kimanin kilomita 700 ne; ta ƙasa kuwa ya fi 1,000 nesa ba kusa ba. Hanyar jirgin ƙasa ta haɗa Duwala da Yawunde a 1927, amma ba ta kai Ngaundere ba sai 1974. Daga can sai a hau mota zuwa Garwa.

Jirgin sama shi ya karya ƙashin bayan nisan nan. A 1961 Kamaru ta shiga kamfanin Air Afrique. A 1971 Shugaba Ahmadu Ahijo, wanda shi kansa ɗan Garwa ne, ya fitar da ita, aka kafa Cameroon Airlines. Jirginsu yakan tashi daga Duwala ya sauka Garwa cikin kamar sa'a ɗaya da rabi. Alhazai ma, waɗanda kakanninsu kan yi shekaru a hanyar Sudan, suka koma isa Jidda a yini guda.

Sai dai saurin nan bai zo kyauta ba. Ran 3 ga Disamba 1995 jirgin kamfanin da ya taso daga Kwatano ya faɗi kusa da Duwala, mutum 71 suka rasu. Bashi kuma ya durƙusar da kamfanin a 2008, har Camair-Co ya fara tashi a 2011.

Kuɗin tikiti kuwa ya fi ƙarfin mai tebur da mahaucin New Bell. Shi ya sa yawancinsu ta ƙasa suke bi, su kwana a hanya. Nisa ya ragu ƙwarai ga mai hali, amma ga talaka, zuwa gaida iyaye a Arewa abu ne da sai an yi masa tanadi na watanni.